Hoto Garau: Me Eriya Ke Bayarwa, Me Kuɗin Wata Ke Saya?

Ranar da mijin ƙanwata ya sayo talabijin mai inci 55, har maƙwabta sai da suka shigo taya murna. Aka fito da ita daga kwali, aka kafa ta a bangon falo, aka jona mata dikodar da ta daɗe a gidan. Da hoto ya fito sai falon ya yi tsit. Fuskar mai karanta labarai kamar an shafa mata man kaɗanya, rubutun da ke wucewa ta ƙasan allo kuwa sai ka ƙanƙance ido kafin ka karanta shi. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Yaya, anya ba jabu aka sayar mini ba? A shago fa har gashin gemun mutum kana iya ƙirgawa."

Na leƙa bayan talabijin ɗin. Wayoyi uku ne suka taso daga dikoda, rawaya da fara da ja, irin waɗanda muke amfani da su tun zamanin bidiyon kaset. Talabijin lafiyarta ƙalau. Abin da ake ɗura mata ne ba ya da kyau.

Tun daga ranar nake lura da yadda mutane ke fahimtar haruffan nan biyu, HD, wato hoto garau mai yawan ɗigo. Wani ya ɗauka halin talabijin ne, da zarar ka sayi mai tsada shi ke nan. Wani kuma ya ɗauka kaya ne da kamfani ke sayarwa, sai ka biya kuɗin wata mai yawa za a buɗe maka. Kowannensu ya kama wani ɓangare na gaskiya, amma akwai ɓangaren da ba a cika faɗa mana ba: a ƙasashen da suka gyara harkar watsa shirye-shiryensu, hoto mafi tsabta da mutum zai samu na tashoshin garinsu sau da yawa ta eriya yake zuwa, kyauta, ba kati ba kuɗin wata.

Hoton talabijin ɗigo-ɗigo ne da aka jera layi-layi. A tsohon tsarin da muka gada, layi 576 ne daga sama zuwa ƙasa, kowane layi da ɗigo 720, jimilla 414,720. HD iri biyu ne. Akwai mai layi 720, ɗigo 921,600. Akwai mai layi 1080, wanda ɗigonsa ya kai 2,073,600, wato ninki biyar na tsohon tsari. Wanda ake kira 4K kuwa ɗigo ya haura miliyan 8. To idan ka kawo hoto mai ɗigo dubu ɗari huɗu ka ce ya cika allon da aka gina don miliyan 8, dole talabijin ta yi cikon sauran da kintace. Kamar ka ɗauki fura ta mutum ɗaya ne ka tsinka ta don mutum ashirin su sha. Shi ya sa tsohuwar talabijin mai ƙeya, 'yar inci 14, take nuna tasha ɗaya da kyau fiye da sabuwa mai faɗin ƙofa. Ƙanƙantarta ce ke rufa wa hoton asiri. Abin da ake nunawa a shago kuma bidiyo ne na musamman da aka saka a filas, ba tasha ba ce.

Amma yawan ɗigo rabin labari ne. Sauran rabin, wanda shi ne ya raba eriya da kebul (tashoshin kuɗi da ake kawowa ta waya), yana cikin matsa hoto. Hoton HD yadda yake fitowa daga kyamarar situdiyo yana cin wajen megabit 1,500 a kowace daƙiƙa (megabit ma'aunin yawan bayanan da ake turawa ne). Babu hanyar da za ta ɗauko wannan nauyi zuwa gidajen mutane. Don haka sai a matse shi da na'ura: a zubar da abin da ake ganin ido ba zai lura da shi ba, abin da bai motsa ba tsakanin hoto da na bayansa kuma ba a sake aiko shi. Idan matsar ta yi daidai, mai kallo ba ya gane an taɓa komai. Idan ta yi yawa, asiri yana tonuwa a inda motsi ya yi yawa. Ka dubi filin ƙwallo lokacin da kyamara ta bi ƙwallo da gudu: ciyawa ta koma kamar koren fenti, jikin 'yan wasa ya yi ƙananan murabba'ai, da kyamara ta tsaya sai hoton ya dawo hayyacinsa. Haka yake faruwa da ruwan sama a fim, da hayaƙi, da taron jama'a masu yawa. A takarda duka sunansu 1080, amma a ido wani ya fi wani nesa ba kusa ba.

Inda aka fi yin muhawarar ko hoton eriya ko na kebul ne ya fi kyau, har ta zama zancen yau da kullum, shi ne Amurka, domin a can ne kebul na gaskiya, wato waya da ake ja daga kamfani har cikin ɗaki, ya fi kafuwa. Asalin kebul kansa daga eriya ya fito. Wajen 1948, a garuruwan da ke cikin kwari tsakanin duwatsu a jihohin Pennsylvania da Oregon, sigina ba ya isa gidaje. Sai wasu masu dabara suka kafa babbar eriya a kan tudu ko a saman dogon gini, suka ja waya zuwa gidajen mutane suna karɓar kuɗi. Sunansa na farko ma eriyar al'umma ne. Daga baya ne aka samu tashoshin da ba sa bi ta iska ko kaɗan, irin su HBO da ESPN da CNN, waɗanda sai ta kebul ko tauraron ɗan'adam ake samunsu. A tsawon shekarun analog, wato tsohuwar hanyar watsa hoto kafin zuwan dijital, kebul ya fi eriya kyawun hoto a gidaje da yawa, saboda eriya tana kawo yayyafi da inuwar mutum biyu-biyu. A nan ne mutane suka haddace cewa na kuɗi ya fi na kyauta, kuma a wancan lokacin gaskiyarsu ne.

Ranar 12 ga Yunin 2009 ta sauya lissafin. A ranar manyan tashoshin Amurka suka kashe analog suka koma dijital gaba ɗaya. Kafin nan gwamnati ta raba takardun rangwame na dala 40, har guda biyu ga kowane gida, don masu tsohuwar talabijin su sayi akwatin da zai fassara musu sabon sigina. A sabon tsarin, wanda ake kira ATSC, kowace tasha tana da zango, wato rabonta na igiyar rediyo, mai faɗin megahaz 6, wanda ke ɗaukar megabit 19.39 a daƙiƙa. CBS da NBC suka zaɓi layi 1080, ABC da Fox suka zaɓi 720 mai saurin sauya hoto, wanda ya fi dacewa da wasanni. Duk wanda ke da talabijin ta zamani da eriya, kuma yana inda sigina ke kaiwa, zai kama su garau ba tare da ya biya ko sisi ba.

Shi kamfanin kebul daga ina yake samun waɗannan tashoshi? Daga wurin tashar yake karɓa, wani lokaci ta waya kai tsaye, wani lokaci ta eriyarsa shi ma. Wayarsa tana ɗaukar kaya fiye da iska, kusan megabit 38 a zango mai faɗi iri ɗaya, wato ninki biyu. Sai dai wayar ba tashoshin gari kaɗai take ɗauka ba. Tashoshi ɗaruruwa ne a ciki, ga intanet, ga tarho, kuma intanet ɗin ne ya zama babbar hanyar samun kuɗin kamfanonin. Saboda haka akwai kwaɗayin cusa tashoshi da yawa a zango ɗaya, kuma ba a yin haka sai an sake matse abin da aka riga aka matse. Hoton da aka matsa sau biyu ba ya komawa yadda yake, kamar takardar da aka yi wa hoto, aka sake yi wa hoton hoto. Mai eriya yana karɓa daga hannu na farko, mai kebul sau da yawa daga hannu na biyu. Nan ne tushen maganar da masu eriya ke yi cewa nasu ya fi kyau, kuma ga tashoshin gari, a lokuta da yawa, suna da hujja.

Ba zan so a ɗauki wannan a matsayin ƙa'ida marar togiya ba, domin su ma tashoshin iska sun koyi cunkoso. Megabit 19 ɗin nan ba dole ne tasha ta ba shiri ɗaya ba. Tana iya yanka shi: babbar tasha ta HD, sannan ƙanana uku ko huɗu ko fiye na tsofaffin finafinai da tallan kaya da hasashen yanayi, masu lamba irin 4.2 da 4.3. Kowace ƙarama daga rabon babbar take ci. Lamarin ya ƙara tsananta bayan gwanjon zango da hukumar sadarwa ta FCC ta kammala a 2017, inda aka sayar wa kamfanonin wayar salula wani yanki na zangon talabijin a kan kusan dala biliyan 20, aka tattara tashoshi a ƙaramin fili, wasu ma suka koma raba zango ɗaya su biyu. Ga shi kuma tsarin ATSC na farko yana amfani da tsohuwar hanyar matsa hoto ta MPEG-2, alhali kamfanonin kebul da na tauraron ɗan'adam da yawa sun koma MPEG-4, wadda ke ba da kyau iri ɗaya da kusan rabin nauyi. Don haka ƙirga megabit kaɗai ba ya yanke hukunci. Sabon tsari, ATSC 3.0, wanda Koriya ta Kudu ta fara amfani da shi a 2017 kuma FCC ta amince da shi a wannan shekarar, yana iya ɗaukar 4K ta iska, amma tsofaffin talabijin ba sa kama shi, sai an sayi sabuwa ko akwati.

Akwai kuma batun ido da tazara, wanda 'yan kasuwa ba sa son a tayar. Mutumin da ke zaune mita 3 daga talabijin mai inci 32 da wuya ya bambance 720 da 1080. A kan inci 55, sai ka matso wajen mita 2 kafin ka ci cikakkiyar moriyar 1080. Bambancin da kowa ke gani, har tsohuwa mai tabarau, shi ne tsakanin tsohon tsari da HD. Abin da ya wuce nan yawanci muhawarar masu sha'awar na'ura ce.

Wani abu da eriya ta fi kowa a kansa shi ne sauri. Duk tashar da sigina ya yada zango, ana ƙara masa jinkiri. Eriya ce ke fara nunawa, kebul da dish su biyo baya da 'yan daƙiƙu, mai kallo ta intanet kuma yana iya zama a baya da rabin minti ko fiye. Duk wanda ya taɓa jin ihun "ta shiga!" daga gidan kallon unguwa alhali a wayarsa ba a ma buga kwanar ba, ya san abin da nake nufi.

To in haka ne, me ya sa mutane ke ci gaba da biyan kuɗin wata? Saboda ba tsabtar hoto suke saya ba, abin da ke cikin hoton suke saya. Eriya ba za ta taɓa kawo maka tashar da ba ta watsawa ta iska ba, komai tsadarta, komai tsawon ƙarfen da ka ɗora ta a kai. A Amurka mai eriya yana kallon wasannin ƙwallon Amurka na ranar Lahadi da wasan ƙarshe na Super Bowl da labaran gari, amma ba zai ga tashar wasanni ta ESPN ba. Sannan sigina ta iska yana da sharuɗɗa. Kusan a miƙe yake tafiya, don haka dutse yana tare shi, dogon gini yana tare shi, nisa yana cinye shi. Dijital kuma ba ya da tsaka-tsaki. A zamanin analog, in sigina ya yi rauni kana iya haƙuri da yayyafi ka ji labarai. A dijital ko dai hoto ya fito cif, ko ya daskare ya farfashe, ko allo ya yi baƙi. Gida biyu a layi ɗaya, wannan yana kama tasha talatin, wancan da ke bayan bene yana kama biyar. Mai kebul ba ruwansa da wannan, kuma idan abu ya lalace akwai wanda zai kira.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a tsarin Amurka shi ne yadda ake sayar wa mutum abin da yake nasa. Dokar kebul ta 1992 ta ba tashoshin gari zaɓi: ko su tilasta wa kamfanin kebul ya ɗauke su ba tare da biya ba, ko su nemi ya biya su kafin ya ɗauka. Manyan tashoshi sun zaɓi kuɗi, kamfanoni kuma suka ɗora kuɗin a kan mai biyan wata, har da layi na musamman a takardar bil. Ke nan mutum yana biyan kuɗi kowane wata don tashar da ke ratsa ɗakinsa kyauta dare da rana. Idan ciniki ya watse tsakanin tasha da kamfani, sai a ɗauke tashar daga kebul na kwanaki ko makonni, mai eriya kuwa yana ta kallonsa. A 2012 FCC ta ƙyale kamfanonin kebul da suka koma dijital su kulle har tashoshin da ke cikin kunshi mafi arha, wanda ya sa kowace talabijin a gida sai an haɗa ta da akwatin kamfani. Amma dokar ƙasar ta kuma tsaya wa mai eriya: tun 1996 akwai ƙa'idar da ta hana ƙungiyoyin unguwa da hukumomin gari hana mutum kafa eriya a gidansa, daga baya aka faɗaɗa ta ga 'yan haya a wurin da yake ƙarƙashin ikonsu, kamar baranda.

Kafin in wuce, kalma ɗaya game da abin da ake tallatawa da sunan "eriyar HD". Babu irin wannan abu. Eriya ƙarfe ce da ke kama igiyar rediyo a wani zango, ba ta san ko analog ba ne ko dijital, balle ta san yawan ɗigo. Eriyar nan mai kama da ƙashin kifi da ke kan rufin gidajenmu, wadda wasu injiniyoyin Japan biyu, Yagi da Uda, suka ƙirƙiro a 1926, tana kama dijital sarai in dai zangonta ya dace. Abin da ke fassara siginar yana cikin talabijin ko dikoda. Tsayi, da fuskantar inda turken watsawa yake, da waya mai kyau da ruwa bai shiga ba, su ne ke aiki. Na'urar ƙara ƙarfi da ake liƙawa ma ba ta ƙirƙiro siginar da babu, kuma kusa da turke tana iya ɓata wanda ake da shi.

Ingila ta bi wata hanya da ta fi burge ni. Ta kafa Freeview a 2002, tarin tashoshin dijital na kyauta ta eriya, ta fara HD a kansa a ƙarshen 2009 da tsarin watsa dijital mai suna DVB-T2, ta gama kashe analog a 2012. Gaskiya ne mai kallo yana biyan kuɗin lasisin talabijin na shekara, wanda da shi ake riƙe BBC. Amma doka ta ware wasu manyan wasanni, ciki har da Gasar Cin Kofin Duniya, ta ce dole a ba tashoshin kyauta damar nuna su. Sun gane cewa eriya ba ta da amfani idan duk abin da jama'a ke son gani an kulle shi a bayan kati.

Wannan DVB-T2 ɗin shi ne tsarin da Nijeriya ta zaɓa, kuma nan ne zancen ya shafe mu kai tsaye. A wurinmu kalmomin sun cakuɗe. Mutum zai ce ya biya kuɗin "kebul", alhali babu wata waya da ta taso daga kamfani zuwa gidansa. DStv ta dish take zuwa, daga tauraron ɗan'adam. GOtv, da StarTimes wadda ta shigo da haɗin gwiwar NTA a 2010, suna watsawa daga turke a ƙasa zuwa eriya, amma a kulle, sai ka biya a buɗe maka. StarTimes tana da na dish ma. Wato a nan eriya ba lallai tana nufin kyauta ba. Ita kyautar ta fi yawa a dish: babban faranti da mai saiti zai hau rufi ya juya zuwa Nilesat ko Arabsat, ka samu tashoshin Makka da Madina da na wa'azi da na labarai, ko ya juya inda za ka kama tashoshin Hausa irin Arewa24 wadda ta fara a 2014. Wasu daga cikin tashoshin ƙasashen Larabawa a HD suke, kuma mai dikodar da ta dace yana ganinsu tar ba da ko kwabo ba. Illar dish sananniya ce: da hadari ya haɗo, ruwa ya sauko da ƙarfi, sai hoto ya tafi, domin ɗigon ruwa yana shanye sigina a zangon da ƙananan faranti ke aiki. Eriyar ƙasa ba ta cika damuwa da ruwa haka ba, ita iska ce abokiyar gabarta, in ta juya gorar da aka ɗaure ta a kai.

Ƙasar da ta buɗe tashar talabijin a Ibadan tun 1959, ta buɗe ta Kaduna a 1962, bai kamata a ce ta makara a wannan ba. A 2006 aka yi yarjejeniya a Geneva ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, cewa ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya za su bar analog a zangon talabijin da ake kira UHF kafin 17 ga Yunin 2015. Nijeriya ta sa wa kanta wa'adin 2012, bai yiwu ba. Na 2015 ya wuce. Aka ce 2017, shi ma ya wuce. An ƙaddamar da gwaji a Jos a Afrilun 2016 da sunan FreeTV, sai Abuja a ƙarshen wannan shekarar, sai Ilorin da Kaduna a 2017, Enugu da Osogbo a 2018, Legas da Kano a 2021. Tsarin a takarda mai kyau ne: tashoshi su daina kafa turke kowa nasa, su miƙa shirye-shiryensu ga kamfanin rarraba sigina, shi kuma ya haɗa su da yawa a zango ɗaya mai faɗin megahaz 8, wanda a DVB-T2 yana iya ɗaukar megabit 30 zuwa 40. Mai kallo ya sayi akwati sau ɗaya, ya riƙa biyan ɗan kuɗin shekara. Amma ƙaddamarwa daban, isa ga gidaje daban. An yi ta fama da ƙarancin kuɗi, da tsadar akwatuna, da shari'o'i, da turakun da ba su kai ƙauyuka ba, analog kuma ya ci gaba da aiki shekaru bayan wa'adin.

Akwai kuma abin da ya kamata a fahimta: dijital ba shi ne HD ba. Zangon nan na megabit 30 zuwa 40, mai rarrabawa yana iya zuba masa tashoshi kusan ashirin na tsohon tsari, ko ya zuba biyar ko shida na HD. Kowane ɗan kasuwa ya san wanne ya fi sauƙin talla, "tashoshi 30" ko "tashoshi 6 masu kyau". Shi ya sa yawancin abin da ke zuwa ta eriya a ƙasar nan, na kyauta da na kuɗi, dijital ne mai tsabta ba yayyafi, amma a tsohon ma'auni. Sannan ko an ba tasha fili, sai in kyamararta da na'urar haɗa shirinta da ma'ajiyarta duk na HD ne. Tashar jiha da ke fama da kuɗin man janareta ba za ta aiko da abin da ba ta ɗauka ba. Dikoda ba ta ƙara wa hoto abin da babu a cikinsa tun daga tushe, haka kamfanin da ka biya.

Saboda haka a Nijeriya lissafin ya juye. A Amurka mai eriya yana iya cewa hotonsa ya fi na mai biya. A nan, wanda ke son ƙwallon Firimiyar Ingila a HD dole ya bi ta inda haƙƙin nunawa yake, wato SuperSport, ya biya, ko ya tafi gidan kallo inda mutum ɗari ke haɗa kuɗin kati ɗaya da na mai. Ban ga laifin kamfanin da ya sayi haƙƙi da dala ya sayar da shi ba, kasuwanci ne. Inda nake ganin an yi wa jama'a ƙwauro shi ne ɗaya ɓangaren. Zangon iska dukiyar ƙasa ce, kamar ruwan kogi. Idan aka kashe analog, wani yanki na zangon yana komawa hannun kamfanonin waya a kan kuɗi masu yawa, kamar yadda aka gani a Amurka. Hakkin talaka a cikin wannan ciniki shi ne ya kafa gora da eriya, ya kama tashar jiharsa da ta ƙasa garau, ko aljihunsa da kuɗi ko babu. Kati yana ƙarewa a tsakiyar wata, farashinsa yana hawa duk lokacin da naira ta faɗi, kuma gidan da ake auna hatsi da gwangwani ba zai sa kuɗin kallo gaba da cefane ba. Idan labarin ambaliya, ko sanarwar rigakafi, ko sakamakon zaɓe sai mai kati ne zai gan shi da kyau, an raba jama'a gida biyu a wurin da bai kamata a raba su ba.

A falon mijin ƙanwata, abin da muka yi ba shi da yawa. Dikodarsa tsohuwa ce, ba ta da ramin HDMI, wato mashigar wayar da ke iya ɗaukar hoton HD, don haka ya sayo wadda ke da shi, da waya ɗaya baƙa mai faffaɗan kai. Wayar nan rawaya, komai kyawun tashar da aka aiko, ba ta iya wuce tsohon ma'auni, a nan take shaƙe hoton. Muka shiga saitin dikodar muka ɗaga fitarta zuwa 1080, domin wasu suna zuwa a saite a ƙasa da haka, mutum ya yi shekara bai sani ba. Da aka kunna tashar wasanni ta HD, yaran gidan suka matso har gaban allo suna nuna zufar da ke goshin ɗan wasa. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ashe dai ba a cuce ni ba."

Bayan sallar isha'i mahaifiyarsa ta fito ta zauna a kan darduma, ta ce a mayar mata tashar jiha, lokacin labarai ya yi, kuma bayansu ake sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure. Ita wannan ce talabijin a wurinta, ita da tafsirin azumi. Jikanta ya ɗauki rimot ya canza. Hoton ya dawo dishi-dishi kamar na ranar farko, fuskar mai karatu a baje, launin rigarsa yana zuba a kan farin bango. Hajiya ta gyara tabarau, ta ce wa yaron ya matso kusa ya karanta mata sunan da ke rubuce a ƙasa.